Matar Da Ke Tsaye Bisa Gadar Gent

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu karatu. Ban taɓa zaton zan zauna in buɗe cikina ga mutanen da ban sani ba. Amma abin da ke raina ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai, kuma duk Bahaushen da na sani a garin nan ya san mijina. Don haka ku yi haƙuri ku saurare ni, kada ku yi saurin cewa na zautu.

Sunana Suhaila, amma a gida Bebi ake ce min. 'Yar Kano ce ni, a Gwammaja na tashi. Yanzu ina aure a Greensboro, a Amurka, a wani gidan haya na sama da ke bayan titin Wendover, inda ƙarar motoci ba ta yankewa. Mijina Hisham malamin jami'a ne, bincikensa a kan ƙasar noma. Har yau Yaya nake ce masa, bakina ya ƙi sabawa da wani suna, domin kafin ya zama mijina, mijin yayata ne.

Yaya Sa'ida ita ce babbarmu. Kamarmu ɗaya da ita, sai dai ta fi ni haske, ta fi ni shiru. Ba a daɗe da bikinsu ba Yaya Hisham ya taho karatu nan, ita kuma ta zauna gida tana jiran biza. Ta je Legas ganawa da ofishin jakadanci, a hanyar dawowa motarsu ta yi karo da tankar mai kusa da Lokoja. Kafin hatsarin ta kira Umma daga cikin motar da hantsi, tana cewa a ajiye mata tuwo. Wuta ta cinye komai. Ba a gane kowa ba, can aka haɗa su aka binne. Muka yi zaman makoki babu gawa.

Bayan an kwana biyu, manya suka ce zumunci ba zai yanke ba, in maye gurbinta. Na yi kuka, na ƙi cin abinci, na ce yaya zan shiga ɗakin Yaya Sa'ida? Kawunnai suka yi ta zarya. Yaya Hisham ne ma ya kira ni ya ce, "Bebi, in ba kya so, wallahi ni zan ce musu na fasa, ba wanda zai ga laifinki." Wannan maganar ce ta karya min zuciya. Na amince. Kuma ba zan ɓoye muku ba, yau ina son mutumin nan son da ban san ina da shi ba. Ga shi Allah ya ba ni ƙaramin ciki.

To, a watan Nuwamba aka gayyace shi taron masana a Beljiyam, wani gari da ake kira Gent. Ya shigo da yamma yana murmushi, ya ajiye jakarsa a kan kujera.

"Shirya kayanki, tare za mu tafi."

"Ni kuma? Me zan yi a taron masu ƙasa da taki?"

"Yawon buɗe ido. Tun da kika zo ƙasar nan, daga kicin sai kanti sai gidan Anti Kubura. Likita ma ta ce babu matsala."

Anti Kubura ita ce uwarmu a nan, can McLeansville take, cikin gonaki. Ana gobe za mu tashi ta tuƙo mota ta zo da dambun nama da yajin daddawa a 'yar roba.

"Riƙe wannan, ƙasar Turawan can ba su san yaji ba. Kuma ki rufe jikinki, sanyinsu mai shiga ƙashi ne, ba irin namu na nan ba."

Na sayi doguwar rigar sanyi ruwan toka mai hula, da takalma masu rufi har ƙwauri. Na zuba abayoyi uku, da mayafai masu kauri, da atamfa ɗaya shuɗiya don liyafar rufe taro. Ina ta murna kamar yarinya ranar Sallah.

Gent gari ne da ban taɓa ganin irinsa ba. Gidaje dogaye, sirara, manne da juna kamar haƙora, wasu sun karkata kamar za su faɗa ruwa. Ruwan kuma ya ratsa tsakiyar gari, baƙi ƙirin, ba ya motsi. Hazo ba ya tashi sai rana ta yi tsaka, kafin la'asar kuma ya dawo. Ga ƙararrawar coci da ke kaɗawa daga sama, ka rasa daga wace kusurwa take fitowa.

Ranar farko tare muka fita. Muka shiga wata tsohuwar fadar dutse mai ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, inda aka jera ƙarafan da suke azabtar da fursunoni a da. Na ce masa mu fita. Ya yi dariya, ya saya min wainar Turawa mai zafi da cakulan a kai, ya goge min baki da hankicinsa a tsakiyar titi. Na tura wa Umma hotuna, ta turo saƙon murya: "Ma sha Allah, Bebi, kin yi kyau. A dinga addu'ar fita, a kula da cin abinci."

Washegari taro ya fara. Ya sa kwat ɗinsa baƙa, na gyara masa wuyan riga.

"Kada ki yi nisa. In kin ɓata, ki kira ni ko ina kan magana ne."

Na fita ni kaɗai, na shiga kwalekwalen da ke zagayawa da baƙi. Mu kaɗan ne a ciki, wasu tsofaffin Turawa da ni. Matuƙin yana ta bayani, ni kuwa ina kallon tagogin gidajen da ke shan ruwa. Muka doso wata gada ta dutse. A samanta akwai mace tsaye ita kaɗai, da baƙin hijabi da rigar sanyi, ta dafa ƙarfen gadar tana kallon ƙasa. Ba ruwan take kallo ba. Ni take kallo.

Hazo bai bar ni na ga fuskarta sosai ba. Tsayuwar ce ta sa gabana ya faɗi. Ta karkatar da kai gefen hagu, ta ɗora ƙafa ɗaya a bayan ɗaya. Mutum ɗaya na sani a duniya mai irin wannan tsayuwar.

Kwalekwalen ya shige ƙarƙashin gadar, duhu ya rufe mu, ruwa na ɗiga daga dutsen. Da muka fito na waiga. Babu kowa.

Na yi ta'awwuzi, na ce laulayi ne da gajiyar jirgi. Ko da Yaya Hisham ya dawo ban ce masa komai ba. Yaya zan ce wa mutum na ga matarsa da ta rasu?

Kwana na uku kwaɗayi ya taso min. Burodi da cuku sun ishe ni, miyar kuka kawai raina ke so. Na duba waya, ta nuna min wani kantin kayan Afirka a can bayan tsohon gari. Na bi ta wasu lunguna masu daɓen dutse, na wuce shagunan Turkawa masu sayar da nama, har na iso. Ƙaramin shago ne, ƙofarsa da 'yar ƙararrawa. Ina turawa ƙamshin daddawa da busasshen kifi ya buge ni, har idona ya kawo ruwa.

Wata mata mai jiki tana durƙushe tana jera gwangwanayen tumatir, da ɗaurin ɗankwali irin na mutanen Nijar. Ta ɗago kaɗan, ta ce da Hausa, ba tare da ta tsaya kallona ba:

"A'a, Sa'ida, yau ba ki tai aiki ba? Kukarki ta iso tun jiya."

Jama'a, ban san lokacin da na dafa firji ba.

Ta miƙe tana karkaɗe hannu, ta matso. Murmushin ya gushe daga fuskarta sannu a hankali. Ta dubi kumatuna na hagu, ta dubi wuyana, kamar tana neman wani abu da ya kamata ya kasance a wurin.

"Pardon, ɗiyata. Na ɗauka wata ce."

"Wace ce Sa'ida?" na tambaye ta.

"Wata mai sayayya ce nan. Mi kike so in ba ki?"

"Anti, don Allah. 'Yar ina ce?"

"Hausarta irin taku ce, ta Kano. Ba ta da yawan magana." Ta koma bayan kantar shagon tana gyara abin da ba ya buƙatar gyara. "Kama ce dai. Ita wuta ta taɓa ta, daga nan har nan." Ta ja yatsa daga kunnenta zuwa ƙasan wuya.

Wuta.

Na ciro waya, na nemo hoton Yaya Sa'ida na ranar kamu, cikin leshi ruwan hoda, na miƙa mata. Ta kalla, ta daɗe tana kallo. Sai ta kife wayar a kan kantar, ta turo min.

"Ni Dalila ban san kowa ba. Mutane na zuwa ƙasar ga kowa da abin da ya baro. Ba mu tambaya."

"Yayata ce. An ce mana ta rasu."

Ta runtse ido, ta ce, "La ilaha illallahu." Ta ɗauko ƙullin kuka ta saka min a jaka, ta ƙi karɓar ko sisi. Har na kai ƙofa ta yi magana ƙasa-ƙasa, tana kallon bango.

"Ranar Alhamis bayan la'asar takan biyo. Ban ce miki komi ba."

Alhamis ita ce washegari, kuma ita ce ranar da Yaya Hisham zai gabatar da takardarsa. Da safe ya ce in zo in zauna a baya in ba shi ƙarfin gwiwa. Na ce kaina na ciwo. Ya taɓa goshina, ya haɗa min shayi, ya ja min bargo.

"Ko in fasa in zauna da ke?"

"Haba Yaya, saboda wannan fa muka zo. Je ka, Allah ya ba da sa'a."

Yana fita na fashe da kuka. Ban taɓa yi masa ƙarya ba sai ranar.

Bayan na yi la'asar na sa abaya baƙa da rigar sanyina, na fita. Ban shiga shagon ba. Na tsaya a tsallaken titi, wurin da ake jiran tram, jirgin nan mai bin tsakiyar titi a kan dogo. Hazo ya sauko har ba na ganin ƙarshen layin. Fitilun shaguna suka fara kamawa. Mutane na wucewa a kan kekuna shiru, kamar ba sa taka ƙasa. Na zuba wa ƙofar shagon ido har idona ya fara zafi. Wata Baturiya ta shiga, wasu samari biyu suka fito. Ita babu alamarta.

Yatsuna suka ƙage don sanyi. Na ce a raina, Suhaila, kin ga abin da kika mayar da kanki? Sa'ida nawa ce a duniya? Mutum nawa wuta ta ƙona? Na juya zan tafi.

"Kin yi ƙiba, Bebi."

Daga bayana maganar ta fito, dab da kunnena. Muryar ta dushe, kamar ta wanda hayaƙi ya taɓa shaƙewa. Amma ko a cikin kabari aka kira ni da ita zan gane ta.

Na kasa juyawa. Wallahi wuyana ya ƙi. Sai a gilashin rumfar jiran na ga inuwarmu, mu biyu, tsayi ɗaya, fuska ɗaya, kamar an ɗauki hotona sau biyu an ɓata ɗaya.

"Yaya?" na ce.

"Kada ki ɗaga murya."

Na juya a hankali. Ita ce. Idanun nan nata masu kama da na mai jin barci, da ɗan tabon da ke girarta tun ranar da ta faɗo daga bishiyar gwaibar gidanmu. Gefen fuskarta na hagu kuwa fatar ta tattare, tana sheƙi, ta ja bakinta ƙasa kaɗan. Na miƙa hannu zan taɓa ta, don in tabbatar mutum ce. Ta ja da baya.

"Tun ranar da kuka shiga fadar dutse na gan ku," in ji ta. "Ya saya miki waina."

Ba ta faɗe shi da fushi ba. Da ma da fushi ta faɗa, da ya fi min sauƙi.

"Yaya, an ce kin... mun yi sadakar uku, mun yi ta arba'in. Umma har ta kwanta asibiti. Ina kika shiga? Wa ya kawo ki nan?"

Idonta ya sauka kan cikina. Rigar sanyin ta rufe ni ruf, kuma cikin bai fito ba, amma ta daɗe tana kallon wurin.

"Yana kula da ke?"

Na gyaɗa kai, hawaye na zuba.

"Haka yake," ta ce. "Ba ya iya cin abinci in ba a zauna kusa da shi ba. Har yanzu?"

"Har yanzu."

Wani abu mai kama da murmushi ya motsa a lafiyayyen gefen bakinta. Sai ga fitilar tram ta huda hazo, yana tahowa yana kaɗa 'yar ƙararrawarsa. Na cafke hannun rigarta.

"Ba za ki tafi ba! Zo mu je wurinsa, yana nan kusa. Ko ki ba ni lambarki. Yaya, don girman Allah!"

Ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Hannunta sanyi ƙalau, amma hannun mutum ne, da ƙashi da tsoka.

"Ki saurare ni, Bebi. In kika faɗa masa, kin san abin da zai biyo baya. Ke za ki fita, da abin da ke cikinki. Ni na riga na mutu, kowa ya huta a haka. Ki koma gidanki."

Ƙofar jirgin ta buɗe, ta shiga. Na so in bi ta, amma ƙofar ta rufe. Ta tsaya a jikin taga tana kallona, ba ta ɗaga hannu ba, har hazo ya haɗiye jirgin.

Ban san yadda na koma otal ba. Na tarar da Yaya Hisham yana ta zagaye ɗaki da waya a hannu.

"Ina kika shiga? Na kira ki ya fi a ƙirga! Dubi yadda kike rawar sanyi."

"Iska na fita sha, na ɓata hanya."

Ya cire min takalma da kansa, yana ba ni labarin yadda aka tafa masa, da wani farfesa da ya ce zai gayyace shi Jamus. Ya kawo hannu zai rungume ni. Jikina ya janye da kansa, kafin ma in yi tunani. Ya tsaya yana kallona.

"Lafiya?"

"Ƙamshin turarenka ne, yana tayar min da zuciya."

Ku da kuka yi islamiyya kun san abin da ke cina. Namiji ba ya haɗa ya da ƙanwa a ƙarƙashin aure ɗaya. Bai saki Yaya Sa'ida ba, mutuwa ce ta raba su. In kuwa ba ta mutu ba, to ni mece ce a gidan nan? Abin da ke cikina fa?

Kafin mu taso na sake komawa shagon. Anti Dalila ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba, ta yi min Faransanci.

Muka dawo Greensboro. Komai yana nan yadda muka bar shi, labulen falo ruwan zuma, tukunyar da na kife a kicin, motoci na ta gudu a Wendover. Ni ce dai ban dawo daidai ba. Na koma kwana a kujerar falo, na ce gadon ne ke sa min ciwon baya. Yana zuba abinci ya zauna yana jirana, ni kuwa in tsaya a kicin ina wanke kwanon da na riga na wanke. Ya rame. Jiya na ji shi yana waya da Anti Kubura a baranda, yana cewa, "Anti, ko na yi mata wani laifi ne ban sani ba? Ki tambayar min ita."

Anti ta turo min saƙo: "Suhaila, gobe ki zo McLeansville, ina son ganinki. Kada ki ce min a'a."

Yau da safe, bayan ya tafi jami'a, na ɗauki mota kamar zan je wurinta. Ban iya kaiwa ba. Na shiga filin ajiye motoci na wani babban kanti, na kashe injin, na zauna ina kallon masu tura kekunan sayayya. Na ce duk duniya mutum ɗaya ce ta cancanci ta fara ji, ko da za ta ce aljanu ne suka buɗe min ido. Na yi ta tunanin yadda zan faɗa mata a hankali, saboda hawan jininta. Sannan na kira Umma.

"Bebi! 'Yan Turai, an dawo lafiya? Ya jikin naki?"

"Lafiya lau, Umma. Kina zaune?"

"Ina kan darduma, yanzu na idar da la'asar. Me ya faru? Muryarki ba daidai ba."

"Umma, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ki riƙe zuciyarki." Na kife kai a kan sitiyari. "A garin da muka je... na ga Yaya Sa'ida. Da ranta. Na yi magana da ita, na riƙe hannunta."

Na rufe ido ina jiran salati, ko kuka, ko faɗuwar waya. Na jira ta ce in nemi tsari, wanda ya mutu ba ya dawowa.

Ina jin kukan akuyar maƙwabta ta cikin wayar, da ƙarar carbinta da ta ajiye a kan tabarma. Sai na ji ta tashi, ta tura ƙofar ɗaki, ta sa sakata.

Da ta dawo, muryarta ta yi ƙasa sosai, babu ko ɗigon mamaki a cikinta.

"Ta rame?" in ji Umma.